Ƙarfen da Yayana Ya Hau

A ƙauyenmu, in ka kunna waya, da Faransanci take fara gaishe ka. Kana zaune a ɗakin uwarka, a ƙasar da aka binne cibiyarka, sai saƙo ya shigo yana yi maka barka da zuwa Benin. Mu 'yan Najeriya ne, ƙaramar hukumarmu Bagudo, kasuwarmu Illo, amma sabis ɗin da ke isowa gare mu na ƙetaren iyaka ne. Shi ya sa duk mai waya a garin yana da layin Benin, da sefa yake sayen kati. Kiran kawunmu da ke zaune can ƙetare ba wuya. Kiran Bagudo kuwa kiran ƙasar waje ne, kafin ka gama gaisuwa kati ya ƙare.

Layin Najeriya wuri ɗaya yake kamawa, kan wani tudun marmara a bayan gonaki, da ɗan nisa daga gari. Da yamma za ka ga maza tsaitsaye a kai, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi. Mata ba su cika zuwa ba. Matar aure ba za ta tsaya cikin maza tana ɗaga murya ba, sai dai ta ba wani saƙo ya je ya faɗa, ya dawo mata da abin da ya iya tunawa na amsa.

Ni malamar firamare ce a garin, bayan la'asar kuma ina koya wa matan aure karatu a ɗaya daga cikin azuzuwanmu. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yan Inna, ni da yayana, mahaifinmu kuwa ya rasu tun muna ƙanana. Yaya ya yi karatun lantarki da sadarwa a Birnin Kebbi, ya nemi aiki har takalminsa ya siɗe, bai samu ba. Ya dawo gida yana noman shinkafa a fadama, yana gyaran rediyo da waya a zaure. Dogo ne marar jiki, ba shi da yawan magana sai an taɓo abin da yake so. In ka kawo masa rediyo gyara ka kuskura ka tambayi abin da ya lalace, to ka nemi wurin zama, don sai ya bayyana maka yadda murya ke tafiya cikin iska tun daga gidan rediyo har kunnenka. Auta yake ce mini har bayan na yi aure na haihu.

Wata shekara bayan girbi, wani abokin karatunsa ya zo da farar mota. Injiniya ne a wata ƙungiya mai kai intanet ƙauyuka, kuma Yaya ne ya yi ta damunsa har ya sa garinmu cikin waɗanda za a gwada. Suka gaishe da mai gari, suka zagaya, suka tsaya a filin makarantarmu suna nuna wajen Illo da hannu. Da suka shigo gida cin abinci Yaya ya kasa zama wuri ɗaya.

"Inna, za a kawo muna sabis. Ba sauran zuwa tudu."

"Daga ina za a kawo shi?" in ji Inna.

"Daga Illo. Za a sa farantin sadarwa bisa tankin ruwa can, a sa wani nan bisa dogon ƙarfe. In sunka kalli juna, shi ke nan, magana ta wuce."

Inna ta dube shi, ta dubi baƙon. "To wa za shi riƙa hawan ƙarfen?"

Baƙon ya yi dariya ya ce, "Ai ba kullum ake hawa ba, Inna."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta tura masa ƙwaryar fura ta ce ya sha.

Ranar da aka kafa ƙarfen gari duka ya fito kamar gayya. Maza suka haƙa rami, suka ja igiya suna kabbara har ya miƙe, ya zarce duk giginyoyin bakin fadama. Aka ɗaure shi da wayoyi masu kauri ta kowace kusurwa, aka kafe su a ƙasa da turaku. Aka jera sola a kan rufin ofishin hedimasta, aka shigar da batura ciki. Aka ba makaranta wasu kwamfutocin hannu masu faɗi, waɗanda matan ajina suka sa wa suna allo. Yaya aka ɗora wa kula da komai. Suka ba shi bel na hawa, da hular kwano ruwan ɗorawa, da kwamfuta ta cinya. Ya sa hular ya zo ƙofar ajina yana tambaya ko ta yi masa kyau.

A ajina akwai wata dattijuwa da duk muke ce wa Gwaggo. Ɗanta ya tafi Aljeriya neman aiki shekaru da dama, ba ta sake ganinsa ba, muryarsa ma sai a bakin wanda ta aika tudu. Ita Yaya ya zaɓa a fara gwaji da ita. Ya shirya da ɗan nata ta hannun wani abokinsa, ya zo ya ɗora allon a kan tebur, ya ce ta matso. Matan suka yi cincirindo a bayanta.

Fuska ta bayyana, ta ɗan daskare, sannan ta motsa. Gwaggo ta ja mayafi ta gyara kamar wadda baƙo ya shigo wa. Ta ƙura wa allon ido.

"Inna, ni ne," in ji ɗan nata.

"Na san kai na. Mi ya same ka ka rame haka? Wanga gemu kuma na mi ne?"

Aji ya fashe da dariya, shi ma yana dariya yana share ido. Gwaggo ta kai hannu za ta shafa kumatunsa, yatsarta ta taɓa inda bai kamata ba, kiran ya yanke. Ta juyo a firgice ta ce, "Malama, na kashe shi?" Yaya ya sake kira. Wannan karon ta naɗe hannayenta a baya, ta yi magana da ɗanta har aka kira magariba.

Daga nan filin makaranta ya zama wata kasuwa. Sabis ɗin bai wuce katangar makaranta da gidajen da ke kusa ba, don haka mutane suke zuwa su jingina da bango. Har daga wajen Sharabi wasu kan zo da babur. Wata mata ta kafa kaskon ƙosai a gindin darbejiya. Ajina ya cika har ana zama a ƙasa, kuma ba don son karatuna ba ne kaɗai, na sani. Matan da ba su iya rubutu ba suka gane saƙon murya, suka riƙa tambayar 'yan uwansu na Bagudo yadda ake sayar da shinkafa da albasa kafin dillali ya iso. Ma'aikaciyar asibitin garin takan zo ta tura hoton ciwo ga wani likita ta jira amsa. Matasan da suka gama sakandare suka samu inda za su koyi jarrabawar shiga jami'a, wadda da kwamfuta ake yin ta.

Ba kowa ya yi murna ba. Wasu mazan suka hana matansu zuwa, suka ce makarantar ta koma gidan kallo. Liman ya yi huɗuba kan abubuwan da samari ke kallo a bayan aji, kuma yana da gaskiya, na kama wasu da idona. Yaya ya je ya same shi, suka daidaita a riƙa kashe na'ura in an yi sallar isha. Bayan haka liman da kansa yakan aiko a sauko masa da karatun wasu malamai.

Matsalar abin guda ce, kuma ba ta da magani. Farantin nan biyu dole su riƙa kallon juna daidai. In iska ta karkata namu ko kaɗan, komai ya tsaya. Ƙasarmu kuwa fili ce, iskar farkon damina ba ta da abin da zai tare ta. Duk sanda aka yi hadari, da safe za ka ga Yaya ya ɗaura bel yana hawa, sukurudireba a baki, hedimasta a ƙasa da kwamfuta yana faɗa masa ko ya kama. Inna ba ta taɓa zuwa kallo ba. In ta ji ya hau, sai ta shiga ɗaki ta ɗauki tasbaha har a ce mata ya sauko.

Da farko injiniyan yakan leƙo lokaci lokaci, ya kawo abin da ya lalace. Sai zuwansa ya fara nisa. Rana ta ƙarshe da ya zo da farar motar, ina zaure na kawo musu ruwa na ji maganarsu.

"Aikin gwaji ne, ka sani tun farko," in ji shi. "Wa'adinsa ya cika. Masu ba da tallafin sun juya wani wajen."

"To gwajin bai yi ba ne?" Yaya ya tambaya.

"Ya yi. Garinku ma ya fi ko'ina."

"In ya yi, don mi za a bari?"

Injiniyan ya juya kofi a hannu. Can ya ce an bar wa gari kayan duka, in za su iya ci gaba da biyan masu ba da layi a Illo, to ba abin da zai tsaya.

Mai gari ya tara mutane, aka yarda kowane gida ya riƙa kawo abin da ya sawwaƙa, mai shinkafa ya kawo shinkafa. Aka yi haka na wani lokaci. Shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya cinye fadama, wanda bai da abin sawa a tukunya ba ka ce ya kawo na sabis ba. Yaya ya riƙa cikawa daga abin da yake samu a zaure, ga matarsa tana goyo. Bel ɗin hawan ya tsufa, ɗinkinsa ya fara saki. Ya kai wa baduku ya ƙara masa ɗinki.

Wata ranar farkon damina aka yi iska da yamma wadda ta yaye kwanon aji guda, ta karkata farantin har daga ƙasa kana ganin ya juya. Washegari da hantsi Yaya ya fito da bel a kafaɗa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Ka bari ƙasa ta sha iska," ta ce. "Ko'ina laka ta."

"Yaran ga jarrabawarsu ta matso, Inna. Yanzu in hau in sauko."

Ina cikin aji ina rubuta wa yara darasi a allon bango na ji wata ƙara kamar an tsinke igiyar guga, sai ihun yara. Ruwan da aka yi ya jiƙa ƙasa, ɗaya daga cikin turakun da ke riƙe da wayoyin ya tumɓuke, ƙarfen ya yi layi, bel ɗin ya tsinke daidai inda aka ɗinke. Na same shi kwance rigingine, idonsa buɗe, hular kwanon can gefe. Ba jini ko ɗigo. Na ce alhamdu lillahi, ban san abin da nake cewa ba.

"Auta," ya ce, "kada ku ɗaga ni. Ba ni jin ƙafafuna."

Muna buƙatar mota, motar kuma tana Illo. Ba sabis a makaranta, tunda shi ne ya hau gyarawa. Hedimasta yana da layin Benin, amma katin da ke ciki ba zai kai ga kiran lambar Najeriya ba. Sai ya yi wa kawunmu na ƙetare filashin, Kawu ya kira, muka faɗa masa, shi kuma ya kira wani direba a Illo daga can Benin. Haka saƙon ya fita ƙasar waje ya dawo kafin ya isa garin da muke cin kasuwarsa. Maza suka cire ƙyauren aji suka zura shi a hankali ƙarƙashinsa, suka kai shi inuwa. Inna ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kansa tana yi masa fifita da gefen mayafi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, har yau kuma ba ta taɓa faɗa ba. Hanya ta lalace da ruwa, motar ba ta iso ba sai bayan azahar.

A cikin mota, muna gab da gadar gulbi, ya buɗe ido ya ce, "Ya kama kuwa kafin in faɗo?"

Na ce ban duba ba.

Daga Bagudo aka tura mu Birnin Kebbi, daga can aka ce sai Sakkwato. Likitan ya kira ni da matar Yaya gefe ya ce lakarsa ta taɓu, za a yi abin da za a iya, amma kada mu sa rai da tafiya. Sai da aka fara girbi muka dawo gida da shi a keken guragu. Injiniyan ne ya saya masa keken daga aljihunsa. Ya zo a motar haya, don shi ma aikin nasa ya ƙare tare da na ƙungiyar. Ya durƙusa gaban Inna yana kuka, ita ce ma take ba shi haƙuri.

Na ɗauka Yaya ba zai ƙara son jin maganar ƙarfen ba. Ashe ba haka ba ne. Da ya ɗan samu ƙarfi sai ya sa aka sake kafe turken da siminti. Ya nemi wanda zai hau, kowa ya noƙe, duk wanda ya yi kamar zai yarda uwarsa ko matarsa ta hana. Daga ƙarshe wani magidanci mai sana'ar hawan giginya ya ce zai hau da igiyarsa, ba ya son bel ɗin kowa.

Aka turo Yaya filin makaranta da kwamfuta a cinya. Mutane suka taru, har Gwaggo da sandarta. Mutumin ya hau kamar ba komai, ya kama farantin.

"Juya shi dama kaɗan," Yaya ya ɗaga murya. "Tsaya. Ƙara. Ya yi yawa, koma."

Haka aka yi ta yi har rana ta take tsaka. Dama, hagu, sama kaɗan, ƙasa kaɗan. Ba abin da ya motsa a kwamfutar. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai hawan ya ce hannunsa ya mutu, ya sauko. Yaya ya rufe kwamfutar ya ce namu lafiya yake, matsalar daga Illo ce, wataƙila nasu ne ya karkace. Ya roƙe ni in je ranar kasuwa in duba.

Na je. Na bar mijina wajen 'yan albasa na bi ta bayan kasuwa har gindin tankin ruwan. Na ɗaga kai na zagaya shi. Ba faranti. Sai guntun ƙarfen da aka ɗaure shi a kai, da wata waya tana lilo. Mai gadin wurin ya ce ai tun cikin damina aka zo aka kwance shi, da aka ga ba a biya kuma ba mai zuwa.

"Ina aka kai shi, Baba?"

"Wallahi ban sani ba, ɗiyata. Sun sa shi mota sun tahi."

Wato duk rabin yinin nan da Yaya ya yi yana cewa dama da hagu, ba kowa a ɗaya gefen.

Da na dawo na tarar da shi a zaure yana jirana, ya sa matarsa ta turo shi bakin ƙofa. Tun daga nesa yake karanta fuskata.

"Ya karkace ko?"

"Babu shi, Yaya. Sun cire."

"Sun cire su gyara?"

"Sun cire sun tafi da shi. Tun damina."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi ƙafafunsa, ya gyara zanen da aka rufa masa a kai. Sai ya ce, "Kin sha rana. Shiga ki sha ruwa." Daga ranar ban ƙara jin ya yi wa kowa bayanin yadda murya ke tafiya cikin iska ba. In an kawo rediyo ya gyara ya miƙa.

Kayan suka watse da kaɗan kaɗan. Ɓarayi suka fasa ofishin hedimasta lokacin hutu suka kwashe baturan. Mai gari ya ce a mayar da solar masallaci kafin ita ma a sace, ba wanda ya yi musu. Allunan suna cikin kabad har baturansu suka kumbura suka tsage bayansu. Mai ƙosai ta ɗauke kaskonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duniya ba ta tsaya jiranmu ba. Lokacin da muka rasa sabis shi ne lokacin da komai ya koma waya. Aka ce duk layin da ba a haɗa da katin ɗan ƙasa ba za a rufe shi, mutanenmu suka yi ta zirga-zirga Bagudo, a ce musu yau na'ura ba ta kamawa, su dawo. Aka ce tallafin taki ta saƙon waya zai zo, wanda ya hau tudu a makare ya tarar da saƙonsa ya kwana biyu, an gama rabo. Mu malamai ma in za a tantance mu sai mu rufe aji mu tafi neman inda intanet yake. Cikin matasan da suka yi koyo da allunan nan, wata yarinya ta ci jarrabawa, tana karatu a Sakkwato yanzu. Waɗanda suka biyo bayanta sun je sun zauna gaban kwamfuta karo na farko a rayuwarsu, ranar jarrabawa. Ɗaya ya ce mini rabin lokacinsa ya tafi wajen neman yadda zai wuce tambayar farko.

Ajina na yamma ya rage. Waɗanda suka zo don karatu suka ɗan jure, sauran suka koma gida. Gwaggo ta taɓa ɗaukar sandarta ta tafi tudu da kanta, maza suka dare suka ba ta wuri, wani ya kira mata ɗanta. Muryar tana zuwa tana yankewa, ba fuska. Ta dawo ta biyo ta gidana ta zauna tana haki.

"Malama, da ban gan shi ba da na haƙura," ta ce. "Da can na saba. Yanzu kullum sai in ga ramar nan tashi, ban san ko ya ƙara ramewa ba."

Ba ta ƙara zuwa aji ba. Ta rasu bara, ɗan nata bai ji ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

An sake zuwa, ba a ce ba a zo ba. Wasu baƙi sun zo da mota suka ɗauki hoton ƙarfen, suka yi mana tambayoyi kan abin da muke buƙata, suka ce za mu ji daga gare su. Lokacin siyasa ma an tsaya a gindinsa an yi alkawari da lasifika. Mai gari ya aika a turo Yaya ya yi wa baƙin bayani, Yaya ya ce a gaishe su, bayansa na ciwo.

Da babbar 'yata ta gama firamare, Yaya ya kira ni zaure. Ya jawo kwamfutar cinyar daga ƙarƙashin tabarma, a naɗe cikin tsohon zanen Inna.

"Ki kai yarinyar ga Birnin Kebbi wajen ƙanwar ubanta. Ki ba ta wannan."

"Yaya, kai da kake cewa in kowa ya gudu wa zai gyara garin?"

"Na ce. Ki kai ta."

"Wataƙila a dawo da sabis ɗin. An ce akwai sabon shiri."

"Auta," ya ce, "kada ki riƙe ta nan da wataƙila."

Na kai ta. Ƙanenta ma in ya gama can zai bi ta, mun riga mun yi magana da mijina. Ban san wanda zai rage a garin ba in duk mai iya fitar da ɗansa ya fitar, kuma na daina tambayar kaina.

Ƙarfen ya yi tsatsa, wayoyinsa suka saki, yara suka fara hawansa in malamai ba sa kallo. Hedimasta ya ji tsoron kada a sake ɗaukar wani a kan ƙyaure, ya yi shawara da mai gari, aka kira 'yan gwangwan su yanka su saya. Ba wanda ya iya zuwa ya faɗa wa Yaya. Da safen da suka fara, ina tsakar gidan Inna ina taya matarsa wanke masa kaya, ƙarar injin yankan ƙarfe ta taso daga wajen makaranta. Ya saurara.

"Mi ake yi can?"

Na faɗa masa.

Ya juya kai wajen da ƙarar ke tasowa. Sannan ya ce, "Je ki ce musu su fara kwance wayar da ke wajen azuzuwa, su bar ta wajen fili ta ja shi. In sun yi akasin haka bisa kwanon aji za shi faɗa."

Na ɗauraye hannuna na sa mayafi na tafi na faɗa musu.